Keken lantarki mara nauyi wa Hajiyarmu: ku taimaka da shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga mutanen Holan da Jamus. Hajiyarmu shekararta 68, ta haura shekara 30 a Bijlmer, nan Amsterdam. Sai da ta wuce arba'in ta koyi keke, a ajin da ake yi wa mata baƙi a unguwa, kuma tun daga nan keken ya zama ƙafarta. Da shi take zuwa kasuwar Ganzenhoef, da shi take zuwa masallacin Taibah, da shi take kai wa jikokinta tuwo a Gein. Bara gwiwar dama ta fara damunta. In iska ta taso ko ta zo hawan gada sai ta sauka ta tura. Tun bayan azumi keken na jingine, ita kuma tana zaune a taga. Likita ya ce motsa gwiwar ya fi mata zaman. Mu 'ya'yanta mun haɗa kusan Yuro 2,500 don mu saya mata na lantarki. Amma shekaranjiya ta taɓa na maƙwabciyarmu, ko sauke shi daga kan ƙafar tsayarwarsa ta kasa. Tsayinta bai wuce mita 1.56 ba. Wanne ne ya fi kowanne rashin nauyi?

Baban Amir: Wa alaikumussalam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri. Kafin a yi maganar kilo, a ina take ajiye keken? Akwai matakalar da za ta hau da shi?

Maman Hanifa: Amin Yaya. Babu matakala. Ɗakin ajiyarta a ƙasan bene yake. Sai dai ƙofar matsattsiya ce, akwai ɗan tudu a bakinta, kuma sai an karkata keken kafin ya shige lungun.

Alhajin Brussels: 'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ban ga dalilin ɗora tsohuwa a kan abu mai inji ba. Ƙashin tsufa in ya karye ba ya komawa yadda yake. Kuna da motoci, ga metro a bakin ƙofa. Ta yi muku wahala, yanzu lokacin hutunta ne. Wannan kuɗin ku ƙara ku kai ta Umara.

Anti Nas: Alhaji, tsoronka yana kan hanya, ba zan musa ba. A 2022 masu keke kusan 290 ne suka mutu a hanyoyin Holan, kuma wajen rabinsu 'yan shekara 75 ne zuwa sama. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Rotterdam, na ga waɗanda ƙugu ya karye. Amma na ga ɗaya ɓangaren ma, kuma shi ba a kawo shi a labarai. Mace tana fita, tana cefanenta, tana gaisawa da mutane, rana ɗaya a ce ta zauna. Wata shida ka dawo ka tarar ƙafa ta saki, suga ya hau, magana ta ragu. Hajiya ba sabuwar hawa ba ce, ta fi shekara ashirin a kan sirdi. Abin da nake so Maman Hanifa ta riƙe shi ne, da yawa daga cikin tsofaffin da na yi jinya ba mota ce ta buge su ba. Wajen hawa ne, ko wajen sauka, ko an tsaya a danja keken ya rinjaya gefe ƙafa ba ta kai ƙasa ba. Can ne hatsarin yake.

Alhajin Brussels: To ai kin ƙarfafa maganata, Anti.

Anti Nas: Na ƙarfafa cewa a zaɓa da hankali, Alhaji. Ban ce a hana ta ba.

Ɗan Zango: Anti Maman Hanifa, me zai sa ku kashe 2,500? Ga fatbike nan ana samu wajen Yuro dubu. Sirdinsa a ƙasa yake, tayoyi manya, ba ya faɗuwa.

Malam Mai Gyara: Ƙanena, kada ka sake ba wa wani wannan shawarar a kan mahaifiyarsa. Mai ƙaton tayan nan yakan kai kilo 30 ko ya wuce, kuma da yawa daga cikin masu arahar suna da totur irin na babur, abin da doka ba ta yarda da shi ba. Dokar Turai a fili take: inji kada ya wuce wat 250, ya daina taimako a gudun kilomita 25 a awa, kuma sai kana taka feda yake ja. Shi ne ake ɗauka a matsayin keke, ba lamba, ba lasisi. 'Yan sanda a nan suna ɗora su a na'urar gwaji a bakin titi, su ci tara.

Yanzu bari in amsa wa Maman Hanifa, don shekara tara ke nan ina aiki a shagon kekuna a Utrecht, kuma kusan kowane mako sai 'ya'ya sun shigo da irin tambayar nan. Keken lantarki na gari, mai kariyar ɗora kaya da fitilu da makulli da rufin sarƙa, nauyinsa tsakanin kilo 25 ne da 28. Akwai masu kilo 15 zuwa 18, gaskiya ne. Amma ki tambayi me aka cire har ya yi sauƙi haka. Yawanci an cire kariyar kaya, an cire rufin sarƙa, an sa siririyar taya, mutum yana zama a sunkuye kamar mai tsere. Batirinsu ƙarami ne, wajen 250Wh (Wh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka), kuma a da yawansu an ɓoye shi a cikin bodi, ba ya fita sai a shago. Ma'ana sai an kai keken gaba ɗaya wurin soket. Ɗakin ajiyar Hajiya akwai wuta?

Maman Hanifa: Ƙwan fitila kawai, Malam. Babu soket.

Malam Mai Gyara: To kin ga waɗannan sun fita ke nan. Dole batir mai cirewa. Kuma tun da babu matakala, Hajiya ba ɗaga keke za ta yi ba, turawa za ta yi. Nauyin da zai dame ta ba wanda ke rubuce a takarda ba ne, inda nauyin ya zauna ne. Ki ɗauki kekuna biyu masu kilo 25. Ɗaya batirinsa a kan kariya ta baya, can sama, injinsa a tayar gaba. Ɗaya kuma injinsa a tsakiya wajen feda, batirinsa a jikin sandar ƙasa. Ki karkata kowanne kaɗan. Na farko zai nemi ya kwace miki, na biyu zai tsaya a hannunki. Kamar tulu ne, ɗauka a ka daban, riƙewa a gindi daban. Na tabbata na maƙwabciyarku irin na farkon ne.

Maman Hanifa: Wallahi haka ne, batirin a baya yake, ga kuma jakunkuna biyu a kai.

Baban Amir: Malam, ka yi musu bayanin fizgar nan ma. Matata ta sha wuya da ita kafin mu canja.

Malam Mai Gyara: Eh, wannan ya fi komai muhimmanci a wurina. Inji iri biyu ne wajen gane cewa kana tuƙi. Mai araha yana duba juyawar feda ne kawai. Ka fara takawa shiru, feda ta yi rabin zagaye, sai ya kawo ƙarfinsa gaba ɗaya. Ka daina takawa, sai ya ɗan ci gaba da ja. Ga tsohuwa a tsakiyar mutane a bakin kasuwa, ko a kwana a kan jiƙaƙƙen ganye a kaka, wannan fizgar ita ke kayarwa, balle in injin a tayar gaba yake. Ɗaya irin kuma yana auna ƙarfin da ƙafarka ta sa, ka taka a hankali ya ba ka kaɗan, ka danna ya ƙara. Injinan tsakiya irin na Bosch da Shimano haka suke. Kuma kada mai shago ya ruɗe ku da babban inji. Ƙarfin ja ana rubuta shi da Nm. Bosch Active Line 40 ne, Shimano E5000 ma 40. Ya ishe ta har ya yi saura. Masu 75 da 85 na hawan duwatsu ne da jan kaya, a Amsterdam kuwa gada ce da iska.

Abu Sadik: Ni a Landan Brompton Electric nake hawa, kilo 17 bai cika ba. Ana naɗe shi, batirin a 'yar jaka yake a gaba, ka zare ka rataya. Sai ta shiga lif da shi har ɗakinta, ba ɓarawo ba sanyi. Kuma ina ji a jirgin ƙasanku mai naɗewa kyauta yake shiga.

Malam Mai Gyara: Kyauta ne in an naɗe, gaskiyarka. Keke ne mai kyau ga irinka. Amma tayarsa inci 16 ce, kan yana da saurin juyawa, injin irin naka kuma a gaba. Wadda ta saba da babban keken Holan za ta ji kamar yana rawa a hannunta. Sannan naɗewar sai an sunkuya, ga gwiwa. Farashinsa ma ya wuce abin da suka tara.

Abu Sadik: Na karɓa. Ban yi tunanin sunkuyon ba.

'Yar Damagaram: Maza kuna ta inji da kilo, ba wanda ya tambayi me Hajiya take sawa. Maman Hanifa, da zani take hawa ko da abaya?

Maman Hanifa: Doguwar riga da wando a ciki, sai hijabi mai sauka har gwiwa. Ranar Juma'a abaya.

'Yar Damagaram: To ki saurare ni. Shekara uku da suka wuce a Eindhoven, ina dawowa daga kai yara makaranta, bakin abayata ya shiga wayoyin tayar baya. Ban ji komai ba sai wuyana da aka ja baya, tayar ta tsaya cak. Allah ya sa a hankali nake tafiya, gwiwar hannu kawai na ƙuje, amma sai da wata mata ta kawo almakashi aka yanke rigar. A keken ƙafa ke nan. Ki yi tunanin a ce inji ne yake ja. Kada ki karɓi keken da ba shi da rufin sarƙa cikakke da kuma garkuwar nan ta gefen tayar baya da suke kira jasbeschermer. In sun ƙara kilo ɗaya, su ƙara. Kuma hijabin hawa daban, wanda ba ya kaiwa sirdi, sai ta sa dogon a jaka in ta isa masallaci ta canja.

Hajiya Waga: Haka muke yi a Wagadugu. Nan mace a kan keke ko babur ba abin kallo ba ne, har masu jikoki. Ana tattare zani a soke kafin a hau. Ku gaishe min da Hajiya, ta burge ni.

Alhajin Brussels: In dai sai ta hau, me zai hana mai ƙafa uku? Shi ai ba ya faɗuwa.

Anti Nas: Wannan shawara ce mai kyau ga wanda jiri ke ɗiba ko ƙafarsa ba ta riƙe shi. Van Raam, kamfanin da ke Varsseveld, sun ƙware a kansu, kuma a ƙarƙashin Wmo, dokar tallafa wa masu bukata ta Holan, hukumar gari takan taimaka wa wanda aka tabbatar yana bukata. Sai dai wanda ya daɗe a kan ƙafa biyu yakan sha mamaki. Jikinsa ya saba karkata a kwana, shi kuwa wannan ba ya karkata, in hanya ta ɗan gangara gefe sai ka ji yana jan ka can. Sai an koya daga farko. Maman Hanifa, Hajiya tana jiri? Tana shan maganin da ke sa ta layi?

Maman Hanifa: A'a Anti, na hawan jini kawai, kuma ya daidaita. Mai ƙafa uku ma ba zai shiga ƙofar ɗakin ajiyar ba. Sannan na san halinta, in muka kawo shi za ta ce mun mai da ita gurguwa, ba za ta taɓa shi ba.

Baban Amir: To a sauke mata sirdi ƙasa sosai yadda ƙafa biyu za su taka ƙasa, shi ke nan magana ta ƙare.

Malam Mai Gyara: A nan ne mutane da yawa ke kuskure, Yaya. A keke na yau da kullum in ka sauke sirdi har tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, gwiwa ba za ta miƙe ba wajen takawa, kullum a lanƙwashe. Ga mai ciwon gwiwa ka ƙara mata ciwo ke nan. Maganin shi ne keken da aka ƙera shi musamman: an tura feda gaba kaɗan, an ja sirdi baya da ƙasa. Tana zaune ƙafafunta biyu na ƙasa, in ta taka kuma ƙafar na miƙewa. Gazelle suna da Easyflow, Van Raam suna da Balance, duk a kan wannan tunanin aka yi su. Ba su cikin marasa nauyi, ina gaya miki tun yanzu. Amma a danja ba sai ta zamo daga sirdi ba, birki kawai za ta kama ta sauke ƙafa. Ki nemi ƙaramin bodi, taya inci 26 ko 24 maimakon 28, da wurin tsallakawa mai ƙasa sosai yadda ba sai ta ɗaga ƙafa sama ba. Giya kuma ta cikin cibiyar taya, irin Nexus, don ana canja ta ko a tsaye. In ta manta ta tsaya a babbar giya, sai ta mayar kafin ta tashi.

Abu ɗaya da ban ji an ambata ba: tsohon kekenta birkin ƙafa ne ko na hannu?

Maman Hanifa: Na ƙafa ne, wanda ake mayar da feda baya.

Malam Mai Gyara: To ki faɗa wa mai shago wannan tun daga bakin ƙofa. Yawancin na lantarki birkin hannu ne biyu. Shekara ashirin ƙafarta ta saba, ranar da yaro ya faɗo mata hanya ƙafar ce za ta fara motsi kafin hannu. Akwai masu injin tsakiya da ke haɗe da birkin ƙafa, an fi samunsu a Jamus. In ba a samu ba, sai ta yi kwanaki tana koyon na hannu a fili, kuma a matso mata da maƙatan birkin kusa da yatsunta, akwai 'yar ƙusa da ake juyawa.

Baban Amir: A nan Hamburg suna da yawa, tsofaffin Jamusawa ba sa yarda da keke ba birkin ƙafa.

Ɗan Zango: Na ga wasu a intanet da rangwame mai yawa, a kawo har gida a kwali.

Baban Amir: A'a. Kun manta VanMoof? Kamfanin Amsterdam ne mai suna, ya karye a 2023, mutane suka rasa inda za su samu kayan gyara na tsawon lokaci. Tsohuwa tana bukatar mai gyaran da za ta iya tura keke zuwa shagonsa da ƙafa. Ku saya a unguwa ko da ya fi tsada da ɗari biyu. Ku yi inshorar sata kuma, za su nemi makulli mai tambarin ingancin nan na ART tauraro biyu, ku adana makullan duka.

Maman Hanifa: Allah ya saka. Sauran tambaya ɗaya. Duk hunturu tana tafiya Kumasi wata uku. Har ta fara cewa in keken ya yi daɗi za ta tafi da shi.

Malam Mai Gyara: Batirin ba zai hau jirgin fasinja ba. Iyakar da ake bari 100Wh ce, ko 160 da izinin kamfanin jirgi, nata kuwa zai kai 400. Ya zauna a nan. In za ta tafi, a cire shi a shigo da shi ɗaki, kada a bar shi a sanyi, kada a bar shi a cike ko a ƙare, tsakanin kashi 30 da 60 ake so. 400Wh ya ishe ta kwanaki da caji ɗaya a irin zirga-zirgarta, kada ku biya kuɗin babba, ƙarin nauyi ne kawai. Batirin kansa kusan kilo 3 ne, ku tabbata ta iya zare shi da mayar da shi da hannunta a shagon. Caji kuma da rana, tana farke, da cajarsa ta asali, kuma ba a bakin ƙofar fita ba.

Anti Nas: Hular kwano fa. Na san ba dole ba ce a Holan, na san kuma za ta ce ba ta gani a kan kowa. Akwai masu faɗi da ke zama a kan ɗankwali. Ki tambaya a unguwarku ko shirin Doortrappen yana da rana, na gwamnati ne don tsofaffi masu keke, Fietsersbond, ƙungiyar masu keke, ma suna koyarwa. In ta ga sa'o'inta Turawa da hula, za ta fi saurin yarda da ta ji daga bakinki.

Alhajin Brussels: Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, amma na ga kun san abin da kuke yi. Ki yi min alkawari ɗaya, 'yata: ranar da aka yi ƙanƙara a hanya, ba hawa.

Maman Hanifa: Na yi alkawari, Baba.

Maman Hanifa: Salam, na dawo da labari. Jiya Asabar mun je shago ni da Hajiya da yayana. Na sa ta sa abayar Juma'a da gangan, muka tafi da jakar cefanenta da kilo biyar na shinkafa a ciki. Ta gwada uku. Na farko shi ne mara nauyin da raina ya so tun farko, kilo 18. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta yi murmushi, amma da ta hau sai ga ta a sunkuye, yatsun ƙafa kawai ke taɓa ƙasa, ba wurin rataya jaka. Ko mita hamsin ba ta yi ba ta sauko. Na biyu babba ne, ya yi mata tsawo. Na uku irin wanda Malam ya kwatanta ne, mai feda a gaba. Ya fi na farkon nauyi da kusan kilo bakwai. Ta zauna, ta kafa ƙafafunta biyu a ƙasa, ta saki hannu ɗaya ta gyara hijabinta, keken bai motsa ba. Mai shagon ya bi ta a guje zuwa ƙarshen layi, ta juyo ita kaɗai, ta sake zagayawa sau uku. Da ta tsaya ta ce da ni, "Kamar wani ke tura ni a baya a hankali."

Birkin hannu ne, ba su da mai na ƙafa. Sau biyu na ga ta mayar da feda baya kafin ta tuna. Don haka ba mu biya ba tukuna. Mai shagon ya yarda ya kawo shi gida ranar Talata mu gwada ƙofar ɗakin ajiya da tudun nan, ya ce akwai maɓallin da ke sa keken ya ja kansa a hankali in ana turawa. Kuɗin ya haura abin da muka tara da kaɗan, yayana ya ce zai cika.

Malam Mai Gyara: Madalla. Ranar Talata ku bari ita ta shigar da shi da kanta, kada kowa ya sa hannu, har sau uku. Ku duba ƙafar tsayarwar ma, ta gefe ta fi mata sauƙi da mai ƙafa biyu da sai an ɗaga keke. Makon farko a matakin taimako mafi ƙanƙanta, a Gaasperpark da safe kafin mutane su yi yawa, ta yi ta tashi da tsayawa har hannun ya riga ƙafa.

'Yar Damagaram: Garkuwar tayar baya fa?

Maman Hanifa: Tana nan, Yaya, gefe biyu, na sa hannu na ja na gani. Hular ce har yanzu muke fama. Ta gwada ɗaya a madubin shagon ta cire, ta ce sai ta ga mai launin toka.